Bangon Gabas Na Baffana Ne

Shekarun baya can, tun gashin kaina yana baƙi ina yawo da sabon babur, an taɓa shafa wa zauren unguwarmu jan fenti za a rushe shi. Abin da ya tuno mini shi ne hoton da wani daga cikinku ya turo daga Tambuwal, yana tambayar me ya sa titin nan ya yi 'yar lanƙwasa daidai wani tsohon zauren ƙasa, alhali gaba da baya a miƙe yake. Na yi dariya ni kaɗai har maiɗakina ta leƙo, don da ni aka yi lanƙwasar nan. Sai dai aikin da na yi a ciki ba irin wanda mutum yake buga ƙirji da shi ba ne.

Zauren dai kakan mahaifina ne ya gina shi da mutanen unguwa, don karatu. Babba ne, da rufin azara mai tsawo, kuma ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka kusanci randa. A nan manya suke ɗaukar karatu bayan asuba da bayan la'asar, a nan ake ɗaura aure da raɗa suna, a nan ake sasanta waɗanda suka ɓata. Ranar kasuwa mutanen ƙauye su aje kayansu a ciki su tafi, ba mai taɓawa. Ba a cewa zauren gidan wane, zauren unguwa ake cewa.

Akwai wata al'ada da ke tare da shi, wadda in ba ku fahimce ta ba labarin ba zai zauna muku ba. Tun ranar da aka gama ginin aka raba shi tsakanin gidajen da suka ɗauko ƙasa. Bangon kudu na gidan maƙera ne. Na yamma na wasu 'yan hatsi ne, waɗanda rabinsu sun koma Sanyinna amma duk shekara sai sun zo. Rufi na magina, daɓen ƙasa na mata. Gidanmu aka bai wa bango biyu, kakana kuma da ya tsufa sai ya raba wa 'ya'yansa maza: gabas na babban, wato baffana, arewa na mahaifina. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ake yaɓe. Kowa yana iya taya kowa kwaɓa ƙasa da miƙo ta da shafawa, amma curin farko dole mai bango ne zai ɗora da hannunsa. In ka riga shi, ka ce ke nan ya mutu kuma bai bar magaji ba. Kusurwa kuwa, inda bango biyu suka haɗu, masu su biyu ne suke rufe ta tare.

To da kakana ya rasu, manyan ɗalibansa suka shimfiɗa buzunsa suka zaunar da mahaifina, saboda shi ya fi zurfi a karatu. Baffa shi ne babba, kuma a gabansa aka yi. Da aka gama zaman makoki ya kwashi iyalinsa ya koma Fakku, can ƙasar Kebbe, ya kama noma. Ba zagi, ba faɗa, ba abin da za ka kama ka ce ga laifi a sasanta. Mahaifina ya bi shi ba sau ɗaya ba, a karɓe shi hannu biyu, a yanka masa kaza, a yi hirar damina da lafiyar yara, amma da ya ɗauko maganar sai baffa ya tashi duba awaki. Haka shekaru suka yi ta wucewa ana yaɓe bango uku ana barin ɗaya. Ga shi kuma ruwan ƙasarmu ta gabas yake dukan gini. Yaɓen ya zube, tubali ya fito fili, wata tsaga ta taso daga ƙasa har kusa da indararo.

Ana haka aka ba mu jiha tamu, kuɗin fetur ya shigo. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Ko'ina siminti, ko'ina kwanon rufi yana ƙyalli, mutum ya rushe soron ubansa da safe yana murna. Ni kaina na dawo daga kwalejin horon malamai a Sakkwato ina koyarwa a firamare, wandona mai faɗin ƙafa, agogona a hannu, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni wayewa. Sai ga ma'aikatan hanya da gwangwanin jan fenti, za a faɗaɗa titin da ya ratsa unguwarmu a zuba kwalta. Suka bi suna sa alama a katangu da rumfuna. Da suka iso zaure ba su ma tsaya shawara ba, don ta gefen titi, wato ta gabas, abin da ido yake gani kango ne. Suka zana masa alama ƙatuwa suka wuce.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Maƙera suka kashe wuta, 'yan hatsi suka rufe buhuna, aka aika Sanyinna, tsofaffin mata suka fito bakin ƙofa suna salati. Dattawa suka sa manyan riguna suka tafi wurin mai unguwa, daga nan aka wuce gaba, aka yi ta sintiri har aka samu injiniyan aikin ya yarda zai zo ya gani da idonsa. Matashi ne, ba ɗan garinmu ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azara. Da ya fito sai ya ce titi zai iya gocewa kaɗan idan aka samu fili ta ɗaya gefen. Wani tsohon maƙeri, wanda garkarsa ce a wurin, bai bari ya rufe baki ba ya ce a ɗiba.

Amma injiniyan ya ce da sauran magana. Bangon gabas shi ne zai kalli titi, kuma ranar da injin danne kwalta ya bi ta wurin ƙasa za ta girgiza, bangon zai faɗo, wataƙila a kan mutane. Ba zai ɗauki wannan alhaki ba. Yanzu injinansu suna aiki wajen Dogon Daji. In sun gama sun dawo ya tarar an gyara bangon, zai bar zaure. In ya tarar da shi yadda yake, katafila za ta fara da shi.

Ya zaci za a yi ta murna. Sai ya ga dattawa sun sunkuyar da kai, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ni kuwa da na ga manya sun rasa ta cewa, sai na ga ranata ce ta zo. Na gyara tsayuwa na ce ai wannan abu ne mai sauƙi, mu samari gobe-goben nan za mu yaɓe shi.

Tsohon maƙeri ya juyo ya dube ni tun daga wandona har agogona. Ya ce, "Malamin boko, baffanka rasuwa yay yi ba mu jiya ba?"

Mahaifina ya yi mini kallo ɗaya, na koma bayan mutane na laɓe.

Aka shiga aiki ka'in da na'in. Kowane gida ya gyara nasa fiye da yadda aka saba, magina suka hau rufi, mata suka sake daɓe suna waƙa. Aka kuma tara ƙasar bangon gabas tsibi guda, aka kwaɓa ta da ciyawa, kullum ana yayyafa mata ruwa kada ta bushe. Komai ya kammala, hannu ɗaya ake jira. Tsohon maƙeri da kansa ya hau mota ya tafi Fakku, ya dawo. Aka tura wasu dattawa biyu masu iya lallashi, su ma suka dawo. Amsar baffa ɗaya ce: Allah ya kyauta, shi yana sharar gona.

Mahaifina ya rame a kwanakin nan har rigarsa ta yi masa yawa. In an tashi karatun la'asar sai ya zagaya ta gabas ya tsaya yana kallon tsagar. Wasu daga cikin ɗalibansa suka same shi suka ce lalura ce, ya sa hannu kawai, ai bangon gidansu ne, ba wanda zai zarge shi. Ina kusa na ji abin da ya ce musu. Ya ce, "Na riga na zamna mai bisa buzu. In kuma ɗauke mai bango? Gara a rushe zauren da in binne yayana da rai." Ya faɗi haka, alhali duk duniya ba abin da yake so kamar zauren nan. A cikinsa ya koyi baƙi, a cikinsa ya yi wa ubansa karatun ƙarshe.

Labari ya zo cewa aikin Dogon Daji ya kusa ƙarewa. A nan ne goggona ta aiko a kira ni. Ita ce babbar su duka, yayar baffa da mahaifina, tana zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, kuma ba ta cika magana ba sai taunar goro. Ta ce, "Kai za ka tahi Fakku."

Wallahi kaina ya kumbura. Na ce a raina, ashe dai akwai mai hankali a gidan nan da ta san darajar ilimi. An tura masu gemu sun kasa, yanzu an dawo ga mai hujja. Na tambaye ta saƙon da zan kai. Ta miƙo mini ƙullin daddawa ta ce in ba matarsa, sannan ta ce, "Babu saƙo. Ka gaishe shi, kuma duk abin da yaz zo bakinka ka hwaɗa mai, kak ka rage komi."

Na kwana ina tsara jawabi a kaina, har da tarihin magabata da haƙƙin 'yan baya. Da safe na goge babur na kama hanya. Hanyar Kebbe ta wancan lokaci ba a ba da labarinta, sai wanda ya bi. Yashi ya kayar da ni kafin in shiga garin, wandon nan da nake ji da shi ya yage a gwiwa, madubi ɗaya ya fashe. Na isa Fakku rana ta take, maƙogwarona a bushe, jawabina ya fara zubewa.

Na tarar da baffa a gindin bishiya ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Gabana ya faɗi, don ban san ya koma kamar mahaifina haka ba, har yadda yake karkata kai in yana saurare. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya tambayi goggo da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ban da mutum ɗaya. Da na sha na dawo hayyacina sai na buɗe jawabi. Na yi magana a kan tarihi, na yi a kan zumunci, na kawo misalin ƙasashen da na karanta a littafi inda ake adana tsofaffin gine-gine. Shi dai yana tufkarsa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Da na tsaya ya ce, "Ka ƙare? Madalla, ka iya magana, kuɗin makaranta ba su tahi banza ba. Amma ɗana, wanda anka ba buzu shi ya san yadda za shi yi da zaure. Ni manomi na."

Ga zafi, ga gwiwa tana zugi, ga jawabin da na kwana ina shiryawa an ture shi gefe da magana biyu. Raina ya ɓaci, na manta da wanda nake magana. Na ce, "To shi ke nan, Baffa. Ƙasa tana nan a kwaɓe. Ba mu zura ido katafila ta rushe muna zaure don mutum guda. Ina komawa ni da abokaina za mu yaɓe shi, ni zan ɗora curin farko."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe tsaye, ashe dogo ne haka. Ya ce, "Kai? Bangona? Ina numfashi?" Har matan gida suka leƙo ta kan danga. Ya matso ya ce, "Ubanka yat turo ka ka hwaɗa min hakanga?"

Tsoro ya kama ni, bakina kuma ya ci gaba da aikinsa ba da izinina ba. Na ce a'a, baba bai ma san abin da zan faɗa ba. Ɗalibansa sun matsa masa ya sa hannu ya ƙi. Cewa ya yi ya riga ya zauna maka a buzu, ba zai ƙara ɗauke maka bango ba, gara a rushe zauren da ya binne yayansa da rai.

Baffa ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon wani wuri bayan kaina. Can ya ce, a hankali, "Shi yac ce hakanga? Da bakinai?" Na ce a gabana ya faɗa. Ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa, ya juya mini baya. Ya ce, "Tashi ka kama hanya tun da sauran rana. Kuma in kat taɓa bangon ga, sai na karya hannun."

Na dawo Tambuwal jikina a sanyaye. Dattawa sun je sun dawo ba su gyara ba, amma aƙalla ba su ɓata ba. Ni na je na zagi baffana a ƙofar gidansa. Ban iya haɗa ido da mahaifina ba, na zarce ɗakin goggo na zube, na ba ta labari tiryan-tiryan, hawaye na neman zubo mini. Tana saurare tana taunar goro. Da na zo wurin karya hannu sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, ni ina zaune baki buɗe.

Da ta lafa ta ce, "To don mi kaka tsammani na aike ka? Masu hankali sun tahi, hankalinsu ya hana su hwaɗa mai abin da za shi tashe shi. Duk gidan ga babu mai bakin da ba shi da linzami sai kai." Sai ta ɗaga murya ta kira mahaifiyata ta ce a jiƙa gero da yawa, baƙi na tafe.

Kun ji matsayina a labarin. Ina tsammanin don ilimina aka zaɓe ni, ashe don wautata ce.

Ba a daɗe ba, wata safiya motar kasuwa ta Kebbe ta tsaya a bakin unguwa. Baffa ya sauko, bayansa 'ya'yansa maza da wasu maƙwabtansa na Fakku, suna sauke buhunan makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a shafe gini don ruwa ya zame. Bai shiga gida ba, bai nemi kowa ba. Ya zarce wurin tsibin ƙasa ya taka ta da ƙafa, ya yatsine fuska ya ce, "Wa yak kwaɓa wagga? Kunu za ku sha?" Ya sa aka ƙaro ciyawa. Sannan ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya cika hannu biyu, ya yi bisimilla ya maka a bango.

Ƙarar curin nan har yau tana kunnena. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, unguwa ta ɗauka. Kafin ka ce me, maƙera da 'yan hatsi da magina da mutanen Fakku sun yi layi, ƙasa tana tafiya hannu zuwa hannu. Aikin ya ɗauki kwanaki, don tsagar sai da aka buɗe ta aka sake ɗinke ta da sabon tubali. Ni aka sa ni ɗebo ruwa, baffa ya ce kada a bar ni kusa da bangonsa. Mahaifina ya aje rawani ya shiga layi yana miƙa ƙasa kamar kowa. Sun gaisa da baffa gaisuwar mutane, daga nan ba wanda ya ƙara. Baffa ma a gidan tsohon maƙeri ya sauka. Mu dai muna aiki muna satar kallonsu.

Har aka zo kusurwar da gabas ta haɗu da arewa. Duk shekarun nan mahaifina in yana yaɓe sai ya tsaya kamar kamu ɗaya kafin ya kai ta, don ba shi kaɗai ke da ita ba. Aka jingina tsani biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Suka hau. Kowa ya sami abin yi da hannunsa amma kunne yana sama. Suna shafawa, wannan ta gefensa wancan ta gefensa, har hannuwan suka haɗu a kan kusurwa.

Baffa ya ce, "Hannunka ya yi laushi, Malam. Hakanga aka rufe kusurwa?"

Mahaifina ya ce, "Mai koya min ya yi nisa, Yaya."

Sai baffa ya miƙo hannu. Ya kama hannun ƙanensa ya ɗora a kan ƙasar, ya danna da nasa a sama, ya ja shi ƙasa a hankali yadda ake yi wa yaro mai koyo. Suka daɗe a haka fiye da yadda aikin yake bukata. Da suka sauko shaidar yatsunsu ta fito a jikin kusurwar, wani magini ya ɗauko ruwa zai goge, tsohon maƙeri ya riƙe masa riga. Na waiga na ga goggo a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da la'asar aka taru karatu. Mahaifina ya ɗauko buzun kakana ya shimfiɗa a gaban baffa, ya koma gefe ya durƙusa. Baffa ya dubi buzun, ya sa hannu ya shafa shi, sannan ya tura shi wajen ƙanensa. Ya ce, "Zamna ka karanta muna, in ji ko sun yi zaɓen ƙwarai." Ya zauna cikin ɗalibai a kan tabarma. Mahaifina ya buɗe littafi, amma ranar sai da ya yi ta gyaran murya kafin karatu ya fito.

Da injinan suka dawo, injiniyan ya zo ya zagaya bangon, ya bubbuga shi da hannu, ya tambaya ina jan fentinsa. Aka ce yana ciki, an yaɓe da shi. Ya yi dariya ya sa aka matsar da turakun awo zuwa cikin garkar maƙeri. Ranar da injin danne kwalta ya bi ta wurin duk unguwa muna tsaye muna addu'a, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. 'Yar ƙura ta zubo daga azara, shi ke nan abin da ya faru.

Ba komai muka tsira da shi ba. Rumfar mahauta ta tafi, tsofaffin katangu da yawa sun tafi, wasu ma masu su ne suka rushe da kansu. Amma zauren yana nan, ana karatu a cikinsa har yau. In na tuna sai in rasa wa zan fara gode wa bayan Allah. Baƙon da ya tuɓe takalmi ya ɗaga kai, ko tsohon da ya ba da garkarsa ba a roƙe shi ba, ko matan da suka yi ta yayyafa wa ƙasa ruwa don mutumin da ya ce ba zai zo ba. A lokacin ina ganin al'adar nan wauta ce da ta kusa cinye mana zaure, kuma gaskiya ta kusa. Sai da na girma na lura cewa da an bar ni na yaɓe bangon nan, da mun tsira da gini, baffa kuma da ya mutu a Fakku bai sake taka unguwarmu ba.

Bai dawo Tambuwal da zama ba, gonarsa ta riƙe shi. Amma duk shekara sai ya zo yaɓe, ya sauka a gidanmu, kuma bai taɓa fasa tsokanata ba. Da ya hango ni sai ya ce a ɓoye ƙasa, ga mai gadon dole ya iso.

Mahaifina ne ya riga shi rasuwa. A shekarar ina aiki a Sakkwato, lokacin yaɓe ya zo na yi ta jan ƙafa, don ban san yadda zan kalli zauren babu shi ba. Na ce a raina ai baffa yana nan, shi ne babba, zai yi abin da ya kamata. Da na iso daga baya sai na tarar an gama kudu, an gama yamma, an gama gabas. Bangon arewa yana nan yadda damina ta bar shi. Baffa yana zaune a gindinsa kusa da tsibin ƙasa, ya tsufa sosai, da gwangwani a hannu yana yayyafa mata ruwa. Aka ce mini kullum nan yake wuni, ga aikin gona yana jiransa a Fakku.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ai da ka sa hannu. Kai ne ubanmu yanzu."

Ya ce, "Ƙanena bai mutu babu magaji ba." Ya ɗebo ƙasa da hannuwansa ya zuba a nawa. "Tashi. Yau ba ni karya hannun."

Na yi bisimilla na ɗora, ban ga inda na ɗora ba saboda hawaye. Da muka zo kusurwa ya ce lallai sai an kafa masa tsani, 'ya'yansa suna riƙe da shi ta ƙasa. Ya kama hannuna ya danna a daidai wurin nan, ya ja shi ƙasa a hankali.

Yanzu ni da ɗan baffa muke rufe kusurwar. Shaidar yatsun iyayenmu ta daɗe da shigewa ƙarƙashin yaɓen shekaru, ba mai ganinta. Amma mu biyu mun san daidai inda take, kuma duk shekara in hannunmu ya kai wurin sai mu ɗan dakata kafin mu wuce.